Yadda Fararen Masara Biyu Ke Haifar da Mai Launin Shunayya

Duk wanda ya taɓa ɓare ɗanyar masara ya san akwai zangarniyar da ƙwayoyinta ba su bi launi ɗaya ba: yawanci farare, nan da can rawaya, wani lokaci har da ja ko shunayya. Manomi kan ce iri ne ya gauraya, kuma gaskiyarsa. Kowane zare na gemun masara ƙwaya ɗaya yake yi wa hidima, garin furen da iska ta sauke a kansa kuwa yana iya fitowa daga gonar maƙwabci. Uwa ɗaya ce, ubanni sun bambanta, kuma launin uban kan bayyana a jikin ƙwayar tun a wannan daminar.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Ana iya ɗaukar iri biyu, kowanne fari fat tun kaka da kakanni, a haɗa su, sai zangarniya ta fito shunayya gaba ɗaya. Daga ina launin ya zo?

Gregor Mendel, wanda ya buga sakamakon gwajinsa a kan wake a 1866, ya nuna cewa kowace siffa tana da ƙwayar gado da ake karɓa daga uwa da uba, wata mai rinjaye, wata mai laɓewa. Idan siffofi biyu ne, jikoki kan kasu kashi 9:3:3:1. Masarar mai launi ta ƙi bin wannan lissafi. A shuka waɗancan ƙwayoyi masu shunayya, a bar su su yi barbara da junansu, sai a ga a cikin kowace 16, kusan 9 masu launi ne, 7 farare. A zangarniya mai ƙwaya 320, ke nan wajen 180 da 140.

Dalilin yana cikin wani siririn shimfiɗi da ke ƙarƙashin ɓawon ƙwayar. A nan ake haɗa antosayanin, dangin sinadarin da ke ba zoɓo jan launinsa. Haɗa shi ba aikin ƙwayar gado ɗaya ba ne. Akwai wadda masana suka yi wa alama da C, akwai R, kuma dole kowacce ta kasance tana aiki kafin launi ya fito. Mai rini ya san baba kaɗai ba ya rina zane sai da toka. Wanda ke da baba babu toka da wanda ke da toka babu baba, dukansu farin zane za su mayar gida. Haka iyayen nan biyu suke: ɗaya yana da C mai aiki, R ɗinsa ta lalace, ɗayan kuma akasin haka. Da suka haɗu, kowa ya cike giɓin ɗan'uwansa. Masanin nan na Ingila, William Bateson, shi ne ya raɗa wa irin wannan lamari suna efistasis a farkon ƙarni na 20, wato wata ƙwayar gado ta rufe aikin wata.

R. A. Emerson na Jami'ar Cornell a Amurka ya ƙara gano ta uku a 1918, aka kira ta A. Idan duka ukun suna rarrabuwa, lissafin ya koma 27 masu launi, 37 farare a cikin 64. Sai kuma Pr, wadda ita ba ta kawo launi, zaɓensa take yi: in tana aiki a samu shunayya, in ba ta aiki a samu ja. Amma idan C ta lalace, Pr ba ta da abin da za ta zaɓa, don haka ake samun 9 shunayya, 3 ja, 4 farare. Waɗannan fararen huɗun ne suka fi jan hankalina. A ido duk ɗaya suke, alhali wasu na ɗauke da gadon shunayya, wasu na ja, suna jiran uban da zai kawo musu C. Akwai ma wani nau'in C mai rinjaye da ke hana launi ƙarfi da yaji, ya mai da rabon 13:3.

Rawaya kuwa hanyarta daban. Daga cikin garin ƙwayar take fitowa, ƙarƙashin kulawar wata ƙwayar gado mai suna Y, kuma idan shunayya ta lulluɓe saman, ba a ganin ko cikin fari ne ko rawaya. Ɗigo-ɗigon da ake gani a wasu ƙwayoyi su ne suka kai Barbara McClintock ga gano ƙwayoyin gado masu sauya mazauni, aikin da ya sa aka ba ta kyautar Nobel a 1983.

Wannan ba zancen ɗakin bincike kaɗai ba ne. Tun 2012 aka fara sakin masara mai ruwan lemo, mai ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, a Nijeriya, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da cibiyar IITA ta Ibadan suna cikin masu wannan aiki. Ba kowace rawayar masara ce ke da wannan sinadari da yawa ba, kuma ido ba ya iya tantancewa. Haka nan wanda ya sayi iri mai aure ya ga amfanin gona iri ɗaya bana, in ya ware daga ciki ya shuka baɗi, abin da ke ɓoye zai tarwatse masa a gona, ba a launi kaɗai ba, har da tsayi da yawan yabanya. Manomin da ke son irinsa ya tsaya yadda yake, ya nisanta gonar iri da sauran masara, ko ya bambanta lokacin shuka don kada furensu ya zo tare, kuma ya tambayi malamin gona asalin irin kafin ya biya kuɗi.