Tsohuwa Mai Saƙa Ta Riga Ɗan Sanda Gano Mai Laifi: Yadda Ake Gina Labarin Bincike Mai Sanyi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau ba siyasa za mu yi ba, littafi za mu taɓa. Amma ku biyo ni, za ku ga inda zancen zai kai mu.

Akwai wani nau'in labari da Turawa ke ce wa cozy mystery, ni kuma na raɗa masa "labarin bincike mai sanyi". An yi laifi, wani lokacin ma kisa ne, amma ba a nuna maka jini, ba batsa, ba harbe-harbe. Wanda ke gano gaskiya kuma ba ɗan sanda ba ne. Mutum ne kamar ni da kai, ba bindiga, ba kaki, sai ido da kunne.

Uwar wannan salo ita ce Agatha Christie, marubuciyar Ingila da ta rasu a 1976. A 1927 ta fito da Miss Marple a gajeren labari, a 1930 ta ba ta littafi guda, The Murder at the Vicarage, har suka kai 12. Miss Marple tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a ƙauyen St Mary Mead, kullum da saƙa a hannu. Dabararta ɗaya ce: duk wanda ta gani, sai ta tuna wani a ƙauyensu mai irin halinsa. Wato ta haddace halin ɗan Adam ne daga maƙwabta.

To idan kana son rubuta irinsa, kuma jeri kake so ba littafi ɗaya ba, ga abubuwan da na lura da su.

Na farko, mai binciken. Zaɓi wanda mutane suka raina, domin wanda aka raina ake sakin baki a gabansa. Ɗan sanda na shigowa kowa ya kama bakinsa, amma wa ke ɓoye wa tsohuwa mai saƙa magana? Richard Osman ya gane haka a 2020 da The Thursday Murder Club, inda tsofaffi 4 a gidan 'yan fansho suke haɗuwa duk Alhamis suna tono tsofaffin shari'o'in kisa. Sannan ka ba mai bincikenka sana'ar da labari ke zuwa ya same shi. A wajenmu ai ba sai an wahala ba: mai kitso, tela ana gobe Sallah, mai shayi, mai cajin waya a bakin tasha.

Na biyu, wurin. Ƙaramin wuri ake so, inda kowa ya san kowa, waɗanda ake zargi ba su wuce 5 ko 6 ba. A nan sirrin jerin yake. Mai karatu ba laifin ne ke dawo da shi littafi na biyu ba, mutanen ne. Yana son ya ji ko maƙwabciya mai tsegumi ta shirya da kishiyarta, ko ɗan sandan nan mai girman kai ya fara jin shawara. Laifi sabo kowane littafi, unguwa kuwa tana nan yadda aka bar ta.

Na uku, kar ka cuci mai karatu. A 1929 wani limamin Katolika, Ronald Knox, ya tsara dokoki 10 na labarin bincike. Daga ciki: mai laifin ya bayyana tun farkon labari, duk alamar da mai bincike ya gani a nuna wa mai karatu, kuma ba a warware matsala da abin da ya fi ƙarfin hankali. Wannan ta ƙarshen ta shafe mu sosai. Ba za ka ja mu shafi 200 ba, sannan ka ce aljani ne ya ɗauke sarƙar, ko boka ya duba ƙasa ya faɗi ɓarawo. Ɓoye alamar a fili, cikin hira ko barkwanci, yadda idan an kai ƙarshe mai karatu zai dafa kai ya ce, "Kai, ai an faɗa mini!"

Na huɗu, matsalar da duk mai jeri ke cin karo da ita: gawa nawa ƙauye ɗaya zai iya ɗauka? Shirin talabijin na Amurka, Murder, She Wrote, ya yi shekara 12, daga 1984 zuwa 1996, kashi 264. Jessica Fletcher, tsohuwar malamar makaranta mai yawo a keke, tana zaune a ɗan garin Cabot Cove. Har masu kallo suka riƙa tsokana cewa babu garin da ya fi shi haɗari. Shi ya sa ake yawan fitar da ita tafiye-tafiye, daga baya ma aka kai ta New York.

Alexander McCall Smith ya bi wata hanya. A 1998 ya fara The No. 1 Ladies' Detective Agency, labarin Mma Ramotswe ta Gaborone a Botsuwana, wadda ta sayar da shanun gadon mahaifinta ta buɗe ofishin bincike ba tare da horon ɗan sanda ba. Yawancin abin da ake kawo mata ba kisa ba ne: miji ya ɓace, wani ya zo yana cewa shi ne uban wata. Littattafan sun haura 20. Ka ga kenan kuɗin adashe da suka yi ƙafa sun isa littafi guda.

Yanzu ga dalilin da ya sa na kawo wannan batu. Kwanaki a wani taron matasa da muka shirya, waya ta ɓace. Kafin minti 10 an riƙe wuyan rigar wani yaro mai tallan ruwa, wasu har sun fara ɗaukarsa bidiyo. Wallahi ni ma zuciyata ta karkata kansa. Sai wata baba mai suyar awara a bakin ƙofa ta ce, "'Ya'yana, yaron nan bai shiga ɗakin ba, tun ɗazu yana nan gabana. Mai wayar ba shi ne ya fito yana neman caja ba?" Aka duba, ga waya a bayan lasifika tana caji.

Da babar nan ba ta lura ba, da an jibgi yaron, da hotonsa ya zaga Facebook da sunan ɓarawo. Mai bincike a irin wannan labarin ba ya duka, ba ya yanke hukunci. Yana tambaya, yana haƙuri, idan hujja ta cika ya miƙa wa hukuma. Kuma kusan kullum wanda aka fara zargi ba shi ba ne.

Marubutanmu na Wattpad da WhatsApp, soyayya kam mun sha, mun gode. Wa zai ba mu mai bincike daga unguwarsu? Ku faɗa mana sana'ar da za ku ba ta, da laifin farko da za ta warware.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.