Takarda ko roba ko ƙarfe: Me ke sauya sautin lasifika?

A garuruwan Anka da Gummi da Bukkuyum da ke yammacin jihar Zamfara, kamar sauran sassan arewacin Najeriya, ba kasafai ake jefar da lasifika ba idan ta fara ɓurari. Akan kai ta ne wurin mai gyaran rediyo, wanda galibi yakan sauya faifan da ke gabanta, mai siffar mazurari.

To sai dai sau da dama lasifikar kan dawo gida da wata murya dabam, a wasu lokutan ma amfilifayar ta ƙone bayan 'yan makonni. Dalilin kuwa na da nasaba da irin faifan da aka sa.

Yadda take aiki

A bayan lasifika akwai maganaɗisu da kuma naɗaɗɗiyar wayar tagulla da ke manne da faifan. Idan wuta ta fito daga amfilifaya ta bi ta wayar, sai wayar ta riƙa motsi gaba da baya, faifan ya tura iska, kunne kuma ya ji sauti. Kunnen matashi mai lafiya na jin girgizar da ta kama daga 20 zuwa kimanin 20,000 a daƙiƙa guda.

Don haka ana buƙatar faifan ya kasance maras nauyi, mai ƙarfin da ba zai lanƙwashe ba, wanda kuma zai daina rawa da zarar sautin ya wuce. Babu dai wani abu guda da ya haɗa waɗannan siffofi uku baki ɗaya.

Takarda

Takarda ce ta fi daɗewa. Da ita ne Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka yi lasifikar da suka bayyana a 1925, wadda har yanzu a kan tsarinta ake tafiya.

Takarda ba ta da nauyi, saboda haka wuta kaɗan kan ba ta ƙara mai yawa, kuma tana fitar da muryar mutum da daɗi. Matsalarta ita ce yanayi. Da damina takan sha danshi ta yi laushi, da hunturu kuma ta bushe, tsohuwarta ta riƙa tsagewa.

Roba da ƙarfe

A shekarun 1970 ne injiniyoyin BBC a Ingila suka ɓullo da faifan wata roba mai suna polypropylene. Ruwa ba ya kama ta, kuma ba ta yawan amsa-kuwwa, ko da yake gam ba ya riƙe ta da sauƙi, abin da ke ba masu gyara wahala.

Faifan alminiyum kuwa ya fi waɗannan ƙarfi, kuma sautinsa na fita tas. Amma idan sauti ya yi siriri sosai yakan yi ƙara irin ta kwanon sha da aka buga da cokali, sai an haɗa masa matatar sauti da za ta danne wannan ƙara.

Akwai kuma Kevlar, zaren da kamfanin DuPont ya gano a 1965, wanda ake yin rigar sulke da shi. Kamfanin Bowers & Wilkins na Birtaniya ya fara amfani da shi a lasifika a 1974.

Inda hatsarin yake

Masu ƙera lasifika kan auna girman akwati ne daidai da nauyin faifan da kuma laushin bakinsa. Idan aka sa faifai mai nauyi a madadin maras nauyi, ƙara kan ragu. Mai kaya sai ya ƙure murya, amfilifaya ta wahala, wayar tagullar ta yi zafi ta ƙone.

Haka kuma idan an sauya kan lasifikar gaba ɗaya, wajibi ne a duba lambar da ke bayansa. Wanda aka rubuta om 4 na jan wuta kusan ninki biyu na mai om 8, kuma ba kowace amfilifaya ce ke jure hakan ba. Idan lasifikar biyu ce, dama da hagu, sauya ɗaya kaɗai kan sa muryoyinsu su bambanta.

Sau da yawa ma faifan lafiyarsa lau. Soson da ke zagaye da bakinsa ne ke ruɓewa saboda zafi da danshi, ko kuma ƙurar hunturu ta shiga tsakanin wayar da maganaɗisu ta haddasa ƙarar gogayya. Dukansu ana iya gyarawa da kuɗi kaɗan.

Ga mai zaune a wuri mai danshi kamar ƙauyukan fadamar Gummi, ko mai fita da kayansa waje, faifan roba ya fi ƙarko. Wanda kuwa ke sauraro a ɗaki da batir ko ƙaramar sola, takarda ce za ta ba shi ƙara ba tare da cinye masa wuta ba.