Kafin a sauke kan inji: Ina ruwan lagireto yake tafiya?

Da zarar watan Yuni ya kama a birnin Riyad, zafin rana kan haura digiri 40 kusan kullum, a watannin Yuli da Agusta kuwa yakan kai 45. A daidai wannan lokaci ne kuma makarantu ke hutu, magidanta daga cikin 'yan'uwanmu Hausawa mazauna birnin ke kwasar iyali a mota su nufi Makka domin Umra da sada zumunci, tafiyar da ta haura kilomita 800. Duk wanda ya saba bin wannan hanya ya san ba a rasa ganin mota a gefen titi an ɗaga bonet, tururi na tashi, yara sun rakuɓe a 'yar inuwar da ta samu.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne yadda ake gaggawar yanke hukunci. Mutum zai kai motarsa Sana'iyya ya ce ruwa na raguwa, kafin ya rufe baki an ce masa gasket ya ƙone, wato abin da Larabawa ke kira wajhi. Ba mu ce duk makaniken da ya faɗi haka maƙaryaci ne ba, sau da yawa gaskiyarsa ce. Amma sauke kan inji aiki ne mai cin kuɗi da kwanaki, bai kamata a fara shi a kan zato ba.

Ruwan lagireto ba ya ɓacewa haka nan, ko dai yana zuba a waje, ko kuma injin na shan sa ta ciki. Na waje ya fi yawa, ya kuma fi araha: tiyo da zafi ya busar, tankin roba na saman lagireto da ya tsage, famfon ruwa da ke ɗiga ta ɗan ramin da ke ƙasansa, ko hita da ke jiƙa shimfiɗar ƙafa a gaban mota. A zafi irin na Riyad ɗigon kan bushe kafin ya taɓa ƙasa, sai dai a ga farin tabo ko mai launi a jikin ƙarfe. Shi kansa murfin lagireto, wanda ake rainawa, idan ya saki, ruwan zai riƙa tafasa yana fita. Don haka gwajin farko shi ne a bar injin ya huce, a ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, a buga iska daidai da adadin da aka rubuta a jikin murfin, a jira kamar minti 15. Idan allura ta sauka, a bi da tocila a nemo inda ya jiƙe. Kada dai a kuskura a buɗe murfin alhali inji na da zafi, ruwan kan yi tsartuwa ya saɓule fatar fuska da hannu.

Idan allura ta sauka amma ba a ga jiƙa ko'ina ba, to a nan ne ake fara zargin gasket. Alamunsa su ne farin hayaƙi daga salansa wanda ba ya ɗaukewa ko da inji ya ɗumama, kumfa na tasowa a bakin lagireto, inji na karkarwa da safe, ko a cire fulogi a ga ɗaya fes kamar an wanke shi. Baƙin mai kuma yakan koma kamar shayi da madara. Akwai wani ruwa shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, idan hayaƙin inji na shiga cikin ruwa sai ya rikiɗe ya zama rawaya. Haka nan idan aka auna matsin silinda aka tarar guda biyu da ke maƙwabtaka sun yi ƙasa tare, magana ta kusa ƙarewa. Mai mota yana da haƙƙin a yi waɗannan gwaje-gwaje a gabansa.

To, an sauke kan inji, an ga gasket ya ƙone. A nan ne kuskure mafi tsada yake faruwa, domin wasu sai su goge wurin, su ɗora sabon gasket, su ɗaure, su miƙa mukulli. Kan injin yawancin motocin yanzu na alminiyum ne, idan ya sha zafi sosai yakan lanƙwashe, lanƙwasar da ido ba ya gani. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe na awo a fuskarsa, a tsaye da a kwance da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa, a riƙa zura siraran ruwan awo ta ƙarƙashi. A injuna da dama iyakar da kamfani ya yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba, kaurin silin gashi ke nan. Abin da ya wuce haka sai an kai shi makhraɗa an fere, ita ma firar tana da iyaka, idan an zarce sai dai a canza kan. Bayan lanƙwasa akwai tsagewa, wadda ta fi samuwa a tsakanin mazaunin bawul. Ana toshe hanyoyin ruwa, a buga iska, a tsoma kan cikin ruwan zafi a ga ko kumfa za ta fito. Kan da ya tsage, ko gasket goma aka sa masa, ruwa zai ci gaba da tafiya. Wanda kuma ya sayo na hannu daga tashalih na hanyar Al-Ha'ir, shi ma a yi masa wannan awo kafin a ɗora, domin ba a san abin da ya kashe motar da aka ciro shi ba. Fuskar gangar injin ita ma a auna ta. Kusoshin da ke ɗaure kan, a injuna da yawa sau ɗaya ake amfani da su, kuma da sifana mai awo ake ɗaure su, daga tsakiya zuwa gefe.

Saura tambayar da aka fi mantawa: me ya jawo zafin tun farko? Biyu daga cikin ɗabi'unmu na da hannu. Ta farko zuba ruwan famfo, wanda ke barin ƙasa-ƙasa da tsatsa su toshe lagireto. Riyad na bisa tudu kimanin mita 600, ruwa zalla na tafasa a wajen digiri 98, alhali ruwan lagireto na asali, a ƙarƙashin murfi mai lafiya, yakan wuce digiri 120 bai tafasa ba. Ta biyu cire tamostat da sunan ƙasar zafi ce, dabarar da muka sani tun daga garejin Kano, wadda ɓoye cutar kawai take yi.

Bayan an gama aiki a fitar da iskar da ta maƙale a hanyar ruwa, a juye baƙin mai da filta, a tabbatar fanka na tashi idan an kunna na'urar sanyi. Sannan a yi mako guda ana zirga-zirga da motar a cikin gari, ana duba ruwan kowace safiya, kafin a ɗora mata iyali a kama hanyar Makka.