Jitar Gwanjo: A Goge Ƙarafan Wuya Ko A Sake Su?

Duk mai harkar kayan gwanjo a Kwatano ko Lome ya san ba firij da talabijin da keke kaɗai ke fitowa daga kwantena ba. Jita ma tana fitowa, wani lokaci ɗaya, wani lokaci da yawa a cuccushe tsakanin katifu. Kuma tana da kasuwa. Masu coci a Akra da Kumasi suna saye, 'yan makaranta suna saye. In kuwa ka kai ta Yamai ko Agadas, to ka kai ta gida, don tun da irin su Bombino da Mdou Moctar suka zaga duniya da kiɗan Abzinawa, samarin can da dama burinsu su rataya jita a kafaɗa.

Matsalar dai mu ba da ita muka taso ba. Molo da gurmi da garaya, har kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, duk wuyansu sumul yake, yatsa ne ke laluben murya da kansa. Ita kuwa jita an gitta mata 'yan ƙarafa a wuya, yawanci 20 zuwa 24, masu gyara suna ce musu firet. In ka danne tsirkiya, a kan ƙarfen take sauka, daga nan murya ke tashi. Sai ka ga ɗan kasuwarmu ya duba fenti, ya duba tsagewa, ya ƙwanƙwasa cikin, ya biya kuɗi, bai ko kalli ƙarafan nan ba. Alhali nan riba take, nan kuma asara take.

Yawancin firet gaurayen jan ƙarfe da nikel ne, tsirkiyar ƙarfe ta fi shi tauri. Yau da gobe sai ta ci shi, ta yi masa ɗan kwari. Ja tsirkiyar gefe ka duba ƙarafa biyar na farko, wajen kan jitar, musamman ƙarƙashin siraran tsirkiyoyi, don nan yatsun makaɗi suka fi zama. In kwarin ya yi zurfi, tsirkiya za ta riƙa gogar ƙarfen da ke gaba, murya ta dishe, ana jin wani zzz kamar ƙuda ya shiga kwalba.

Amma kafin ka ce ƙarfe ya cinye, tsaya tukuna. Jitar da ta sha laimar bakin teku aka ɗora ta a mota zuwa Maradi ko Damagaram cikin hunturu, itacenta bushewa yake yi ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa. Sai bakin firet ya leƙo gefen wuya yana yankar hannu, wani ma ya ɗan ɗago daga raminsa. Wannan ba cinyewa ba ce. A mayar da wanda ya ɗago da 'yar guduma da ɗigon gam, a share bakin da magagari, an gama. Haka nan wuya kan lanƙwashe, kuma jita mai tsirkiyar ƙarfe yawanci akwai sandar ƙarfe a cikin wuyanta da ake juyawa da makulli a miƙe shi. Jita nawa aka yi wa aikin banza alhali 'yar juyawar nan kawai take so! Gwajin kuma ba wuya: ɗora gefen katin banki a kan ƙarafa uku a jere. In ya yi rawa, na tsakiyar ya fi sauran tsayi.

To, an tabbatar cinyewa ce. Hanya biyu ce.

Ta farko a goge. Mai gyara zai cire tsirkiyoyi, ya miƙe wuya, ya shafa baƙar maka a kan kowane ƙarfe, sannan ya bi su da miƙaƙƙen ƙarfe mai samfefa a jiki har baƙin ya goge ko'ina. Wato an sauko da duka ƙarafan zuwa daidai gindin kwari mafi zurfi. Daga nan kansu ya zama shimfiɗaɗɗe, dole a bi su ɗaya bayan ɗaya da magagari a mayar musu da ƙusumbinsu, a goge su yi sheƙi. Wannan mataki na biyu shi ne masu ha'inci ke tsallakewa, don shi ke cin lokaci. Ƙarfe mai faɗin kai kuwa ba ya ba da murya daidai, ko an ɗaure tsirkiya yadda ya kamata sai makaɗi ya ji wani abu ya karkace. In za ka karɓi aiki, shafa yatsa ka ji: kai a zagaye yake ko a shimfiɗe?

Abin da zai raba gardama shi ne tsayin da zai rage. Sabon firet bai fi milimita 1 zuwa 1.4 ba. In bayan guga abin da zai saura a gindin kwarin bai kai kamar milimita 0.7 ba, kada ka ɓata kuɗinka. Katin bankin nan kaurinsa milimita 0.76 ne, ka kwantar da shi a jikin ƙarfen ka gani. In gindin kwarin ya tsere wa katin, akwai abin gogewa. In katin ne ya fi shi tudu, ƙarfe ya ƙare, yatsa zai riƙa dannar itace kafin tsirkiya ta zauna. Masu kiɗan Agadas da yatsunsu ba sa hutawa a kan tsirkiya nan take za su gane, su ajiye maka abarka. Ka kuma lura, jitar gwanjo ta yiwu an taɓa goge ta sau ɗaya ko biyu can Turai kafin ta iso hannunka.

Hanya ta biyu a sake. Nan aiki ne babba. Kowane ƙarfe yana da ƙafa mai 'yan haƙora da ta shige cikin tsagar itace. Ana ɗumama shi da ƙarfen nan na masu gyaran rediyo, a ɗago shi a hankali da filaya, in aka yi garaje itacen ya ɓantare. A share tsaga, a buga sabo, a yanke baki, sannan shi ma sabon sai an goge an daidaita. Sau da yawa har ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kan wuya sai an canza, tunda sababbin ƙarafan sun fi tsofaffin tsayi. Ba aikin kafinta ba ne, komai iya ƙera kujerarsa. Akwai ma tsaka-tsaki: in biyar ko bakwai na farko kawai suka lalace, a sake su kaɗai, a goge su su yi daidai da sauran. A ganina wannan ya fi dacewa da yawancin jitar da ke ratsa hannunmu.

Sauran lissafi na kasuwa ne. Jita mai suna, Fender ko Gibson ko Yamaha mai kyau, ta cancanci sabon ƙarfe, kuɗin zai dawo. 'Yar araha marar suna kuwa kuɗin sakewa na iya haura kuɗinta, gara a goge in da abin gogewa, in babu a sayar da ita yadda take, a faɗa wa mai saye aibinta. Ɓoye aibi ba ciniki ba ne, kuma makaɗa sun san juna, labari ba ya kwana.

In kuwa ta ɗanka ce a gida, wadda zai daɗe yana kaɗawa, tambayi mai gyara ko yana da firet na ƙarfe marar tsatsa. Ya fi tsada, yana kuma cin magagarin mai aiki, shi ya sa wasu ba sa son sa shi. Amma tsirkiya ba ta cinsa da wuri, ko da yaron kullum yana kanta daga la'asar har isha.