GORA: ICCEN DA AKE SARA YA SAKE TOHOWA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san wahalar iccen gini a yau. Mai son rufin ɗaki ko kafa rumbu sai ya yi tafiya mai nisa, ko ya fid da kuɗi masu yawa. Azara daga giginya take fitowa. Giginya kuwa sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma in an sare ta, ta tafi ke nan. Shi ya sa ake tsaron giginyun Dallol Mawri, a yankin Gaya.

Akwai wani tsiro da zai iya rage wa itatuwanmu wannan nauyi. Shi ne gora. Makiyayi ya san ta, don da ita ake sanda mai ƙwari.

Mece ce gora?

Gora danginta ɗaya da gero da dawa, wato ciyawa ce, amma mai ƙarfin icce. Tushenta yana cikin ƙasa. Kowace damina yana fid da sababbin sanduna, kuma sanda tana gama tsawonta cikin damina guda. Daga nan sai ta yi ta ƙwari. Bayan shekara 3 ko 4 ta isa sara. In an sare ta, tushen bai mutu ba. Baɗi zai ba da wasu. Saiwoyinta kuma suna riƙe ƙasa, su hana ruwa cinye bakin ƙorama.

A ƙasar Habasha gora ta rufe fili fiye da hekta miliyan 1. Mafi yawanta irin wadda muka sani ce, tana yammacin ƙasar, wajen iyakar Sudan. Da ita mutanen can suke gina ɗaki, su yi darni, gado, kujera da kwando. A ƙasar Sin har katakon daɓe da takarda ake yi da ita. A Kumasi ta ƙasar Gana ana ƙera keke da gora. Ganyenta kuma dabbobi suna ci.

Ina take yi?

Gora tana son ruwa. Ba za ta yi a kan tudun rairayi na arewa ba. Wurinta shi ne inda ruwan sama yake da yawa, kamar yankin Gaya, ko bakin gulbi, gefen fadama, da garka mai rijiya. Amma ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi.

A farkon damina ake dasa ta. A haƙo sanda mai shekara 1 ko 2 tare da tushenta, a rage mata tsawo, a dasa ta nan da nan. A bar taki 5 tsakanin rami da rami. A kewaye ta da ƙaya saboda awaki. A ba ta ruwa a ranin farko. Sai a yi haƙuri shekara 4 ko 5 kafin a fara sara.

Yadda ake sara

1. A sari tsofaffin sanduna kaɗai. A bar ƙananan, su ne abincin tushe.
2. A yi sara da rani, ba da damina ba.
3. A yanke dab da saman gaɓa, don kada ruwa ya taru cikin kututture ya ruɓar da shi.
4. A jiƙa sandunan cikin ruwa kamar wata guda, sannan a shanya su a inuwa. Wannan yana rage zaƙin da ƙwari suke bi.
5. Wajen gini, kada gora ta taɓa ƙasa. A ɗora ta bisa dutse saboda gara.

Wanda ya yi wa kurmin gora aski gaba ɗaya, ko ya bari wutar daji ta ci shi, ya kashe kaza mai ƙwai. Kafin a sari gorar daji, a nemi izini wurin ma'aikatan gandun daji. Su ne kuma za a tambaya inda ake samun irin dashe.

Da sanyin safiya ake kama fara. Mai fadama ko garka, ya ware wani gefe bana ya dasa gindi 5. Ran da ɗansa zai yi ɗakin aure, ba sai an kada giginya ba.