Girkin Jajibiri a Yauri: Abin da Ke Kwana Lafiya da Wanda Ba Ya Kwana

A Ƙaramar Sallah sunna ce mutum ya sa wani abu a baki kafin ya fita idi, kuma da an sauko baƙi za su cika gida. Shi ya sa matan Yelwa, Wara da Shanga ke cin rabin aikin tun jajibiri. Dabara ce mai kyau, sai dai ba kowane abinci ne kwana ke yi wa daɗi ba.

Ƙullun waina shi ne gwanin kwana. Da hantsi ake jiƙa farar shinkafa, wadda fadamun bakin Kwara ba sa rowarta. Da yamma a haɗa da 'yar dafaffiya, a kai inji, a zuba yis, a rufe. Cikin dare yis yana cin sukarin da ke ƙullun yana fitar da iska, ita ce ke yin ƙananan ramukan nan da ake gani idan an ɓara waina. Tare da shi akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke kawo tsami, kuma tsamin nan yana hana yawancin ƙwayoyin cuta sakewa. Da asuba uwargida ta buɗe roba ta tarar ƙullu ya taso yana tsattsafa, ta ɗiga ruwan kanwa ta kashe kaifin tsamin, ta yanka albasar Yauri, sai tanda.

Kifin banda ma ba ya tsoron dare. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 tafki ya malalo har gindin Yauri, tarwaɗa da kurungu masu ƙyalli da hayaƙi ba sa yankewa a kasuwa. Hayaƙi da wuta sun zuƙe ruwan jikinsu, don haka ana iya gyara su a cire ƙaya tun dare, a ajiye a bushe.

Inda nake jin tsoro shi ne dafaffiyar shinkafa da miyar taushe. Akwai wata ƙwayar cuta a jikin hatsi wadda tafasa ba ta kashe irinta. Idan shinkafa ta huce ta kwana da ɗumi-ɗumi a kula, sai ta farfaɗo ta zuba dafi, kuma ɗumame ba ya karya wannan dafin. Cikin awa 1 zuwa 6 bayan an ci yara su fara amai, a ɗora wa maiƙo laifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunne kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan: ko ya zauna ƙasa da digiri 5, ko sama da 60. To Ƙaramar Sallar 2025 ƙarshen Maris ta faɗo, tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke taɓa digiri 40, ga wutar lantarki ba tabbas, firji ya zama kabad.

Don haka a soya jajjage tun dare har ruwansa ya ƙone mai ya taso, a daka gyaɗa, a fere kabewa. Haɗa miya da ɗora shinkafa kuwa a bar wa asuba. Idan dole miya ta kwana, a tafasa ta sosai kafin barci, kada a ƙara sa mata ludayi, da safe kuma a sake tafasa ta har ta yi ɓararraka kafin a zuba wa kowa.