Sigari, Ƙiba da Layin Tiyata: Wa Ya Cancanci Gadon Asibitin Gwamnati?

A watan Satumba na 2016, hukumar da ke riƙe da kuɗin kiwon lafiya na yankin York, a arewacin Ingila, ta fitar da wata sanarwa da ta tayar da ƙura a faɗin ƙasar. Duk wanda ma'aunin ƙibarsa na BMI ya kai 30, idan yana buƙatar tiyatar da ba ta gaggawa ba, kamar sauyin gwiwa ko na ƙugu, zai jira har shekara guda, sai fa in ya zubar da kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa. Mai shan taba kuma wata shida zai jira, in ba ya ajiye sigari na mako takwas ba. Aka yi wa hukumar ca, aka dakatar da shirin don a sake dubawa, amma bayan 'yan watanni ya fara aiki. Shekara na zagayowa hukumomin Hertfordshire, kusa da Landan, suka ƙara gishiri: wanda ya ce ya daina taba sai ya hura iska a wata 'yar na'ura da ke gano burbushin hayaƙi a numfashi, kafin a sa sunansa a layi.

Kada mai karatu ya ɗauka ana maganar wani ƙato ne da ba ya iya shiga mota. Lissafin BMI shi ne a raba nauyin mutum da tsayinsa sau tsayinsa. Magidancin da tsayinsa mita 1.70 ne, da zarar ya kai kilo 87 ya shiga sahu. Irin jikin da a wajenmu ake cewa hutu ya karɓi mutum. Shi ne za a ce wa ya je ya rage kilo tara, alhali gwiwar da zai yi tattakin da ita ce ta kawo shi asibiti.

Abin da ya sa maganar ta yi zafi a Birtaniya shi ne asalin tsarin nasu. Ranar 5 ga Yuli, 1948, ministan lafiya Aneurin Bevan, ɗan mahaƙin kwal daga Wales, ya ƙaddamar da NHS, tsarin kiwon lafiya na gwamnati, a kan sharaɗi ɗaya: kowa ya biya haraji gwargwadon samunsa, kowa a yi masa magani gwargwadon ciwonsa, ba a tambayar kuɗi a bakin ƙofa. To idan ba a tambayar kuɗi, ya halatta a tambayi hali?

Masu cewa ya halatta ba mahaukata ba ne, kuma hujjarsu irin wadda ake ji ce a kowace majalisa. Kuɗin na jama'a ne, gadajen asibiti ƙidayayyu ne. Ga tsohuwa da ba ta taɓa kai kara bakinta ba tana jira, ga wanda likita ya yi wa gargaɗi sau goma bai ji ba. Me zai sa a haɗa su layi ɗaya? Tsuntsun da ya ja ruwa, in ji su, shi ruwa kan doka. Suna kuma da kimiyya a hannu. Hayaƙin taba yana rage iskar da jini ke kai wa nama, nikotin yana matse ƙananan jijiyoyi, don haka ɗinkin mashayi ya fi saurin ruɓewa, ƙashinsa ya fi jinkirin haɗewa, huhunsa ya fi wahala bayan allurar barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa ajiye taba na mako huɗu ko fiye kafin tiyata yana rage waɗannan matsaloli sosai. Babu likitan kirki da zai musanta wannan.

Sai dai tambayoyi biyu ne aka cusa a riga ɗaya, kuma duk rikicin daga nan yake. Ta farko ta likita ce: in na yanka wannan mutum yau, aikin zai yi kyau, ko gara mu jira wata guda ya daina taba? Wannan tambaya gaba take kallo, kuma don amfanin majinyacin ake yin ta, mutum ɗaya bayan ɗaya, ana duba zafin ciwonsa da abin da jira zai jawo masa. Ta biyu ta alƙali ce: wannan mutum ya cancanci a taimake shi, bayan abin da ya yi wa kansa? Ita baya take kallo. Abin da aka yi a York da Hertfordshire shi ne an ɗauki tambayar alƙali an sa mata farar rigar likita. Alamar da ke tona asirin ita ce lokacin da dokar ta zo. Hukumar York tana cikin giɓin kuɗi ne sa'ad da ta tuna cewa ƙiba na da haɗari. Ƙungiyar likitocin tiyata ta Ingila, wadda a farkon 2016 ta gano cewa sama da ɗaya cikin uku na irin waɗannan hukumomi suna da makamancin wannan shinge, ta fito fili ta ce ana neman masu rauni ne a yi tsimi a kansu. Ita ma NICE, cibiyar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, matsayinta shi ne kada a hana mai ciwon gaɓoɓi zuwa wurin likitan tiyata saboda taba ko ƙiba.

Shi kansa tsimin akwai alamar tambaya a kansa. A 2008 masu bincike a ƙasar Holan suka lissafa abin da ake kashewa a kan lafiyar mutum tun daga shekara 20 har mutuwa, suka kwatanta mashayin taba da mai ƙiba da wanda ke kiyaye jikinsa. Sakamakon ba mai daɗin faɗa ba ne. Wanda ya fi cin kuɗi shi ne mai kiyaye jikin, domin shi ke daɗewa har ya riski cututtukan tsufa masu tsada. Mashayin taba shi ne mafi arha, don ya riga kowa tafiya. A Birtaniya kuma, wajen kashi huɗu cikin biyar na kuɗin kwalin sigari haraji ne, kuma abin da baitulmali ke tarawa daga nan duk shekara ya zarce abin da NHS ke kashewa kan cututtukan taba. Ba ina wanke taba ba ne. Asarar da take jawo wa iyali da wurin aiki ta wuce lissafin asibiti nesa. Amma wanda zai ce mashayi yana cin guminsa, ya fara duba rasit.

Akwai kuma kalmar "zaɓi" da ake jifan mutane da ita kamar kowa a gida ɗaya ya tashi. Kusan biyu cikin uku na mashaya taba a Birtaniya sun fara ne kafin su cika 18, shekarun da doka ba ta yarda su sa hannu a yarjejeniyar bashi ba. Lebura da mai aikin ƙarfi sun ninka manaja wajen shan taba fiye da sau biyu. Unguwannin talakawa su suka fi yawan shagunan soye-soye masu arha. Farfesa Michael Marmot ya shafe shekaru yana bin ma'aikatan gwamnati a Landan, ya nuna cewa duk matakin da mutum ya sauka a tsanin aiki, ciwon zuciya na ƙara kusantarsa, kuma taba da abinci ba su isa su bayyana dukkan bambancin ba. Dokar da ta ce mai taba da mai teɓa su koma baya, a aikace cewa take yi talaka ya koma baya. Mai kuɗi ba ruwansa. Zai biya asibitin kuɗi a yi masa gwiwarsa mako mai zuwa, da sigarinsa a aljihu.

Kuma in an buɗe wannan ƙofa, wa zai tsira? Mai hawan dutse don nishaɗi, mai sukuwar doki, ɗan ƙwallon da ya karye, direban da ya yi gudun wuce sa'a, mai ciwon suga da bai iya haƙura da shayi mai kauri ba. Ba a taɓa jin an ce a jinkirta ɗorin attajirin da ya faɗo daga kan doki ba. Laifin da ake hukuntawa kullum shi ne wanda ake gani a jiki ko ake ji a numfashi, wanda kuma masu yin dokar ba su cika yin sa ba.

Inda maganar ta fi wuya, kuma a nan dole a rage murya, shi ne dashen gaɓa. Kuɗi ana iya ƙarowa, hanta kuwa galibi sai wani ya mutu. A 2002 aka yi wa George Best, tsohon gwanin Manchester United, dashen hanta a asibitin King's College da ke Landan bayan giya ta cinye tasa. Bai daɗe ba aka gan shi ya koma shan abinsa, ya rasu a Nuwamba 2005 yana da shekara 59. Mutane da yawa sun ce an yi asarar hantar da wani ke jira, kuma ba zan ce ba su da dalilin jin haushi ba. Shekara da shekaru asibitoci a ƙasashe da dama suna bin ƙa'idar cewa sai mashayi ya yi wata shida bai kurɓa ba kafin a sa shi a layi. Amma akwai wani nau'in kumburin hanta mai tsanani da ba ya ba mutum wata shidan. A 2011 likitoci a Faransa da Beljiyam suka wallafa abin da suka gani bayan sun zaɓi wasu irin waɗannan majinyata, masu dangi tsaye a kansu, suka yi musu dashe ba tare da jira ba. Bayan wata shida kashi 77 cikin ɗari na raye, a cikin waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 23 kacal. 'Yan kaɗan ne suka koma sha. Ko a nan ɗin, inda tilas a zaɓi wani a bar wani, tambayar da ta yi aiki ita ce wa hantar za ta zauna wa. Tambayar wa ya fi tsabtar tarihi ba ta ceci kowa ba.

Wasu ƙasashe sun gwada hanyoyinsu. Jamus tana sa wanda zanen jiki ko hujin ado ko tiyatar kwalliya ta jawo masa ciwo ya ɗauki wani kaso na kuɗin magani, tana kuma ƙara tallafin haƙoran roba ga wanda ke zuwa duba haƙori duk shekara. Singafo, a lokacin annobar korona, ta ce daga Disamba 2021 wanda ya ƙi rigakafi da gangan shi zai biya kuɗin jinyarsa. Lardin Quebec na Kanada ya yi shelar haraji a kan marasa rigakafi a Janairu 2022, bai yi wata guda ba ya janye. Abin lura, ko Jamus da Singafo kuɗi suka nema, ba su rufe ƙofar asibiti ba.

Hasarar da ba ta fitowa a lissafin akawu ita ce gaskiya. Likita da amsar majinyaci yake aiki: kana shan taba, kara nawa, me kake sha da dare, ka sha maganin da na ba ka? Ranar da amsa ta zama abin da zai mayar da mutum ƙarshen layi, ranar zai fara ƙarya, kuma likitan da aka yi wa ƙarya a makance yake yanka.

Mu a Najeriya mun san wannan ba a takarda ba. Shekaru da dama wanda aka harba da bindiga, in an kai shi asibiti, sai a ce a kawo rahoton 'yan sanda tukuna, don kada a yi wa ɗan fashi magani. Mutane nawa jininsu ya ƙare a kan benci, waɗanda 'yan fashin ne ma suka harbe su? Sai a ƙarshen 2017 aka sa hannu a dokar da ta tilasta karɓar su nan take, ko da rahoto ko babu, duk da cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta riga ta haramta korar mai buƙatar taimakon gaggawa. Hukuncin da ba a rubuta ba kuwa yana nan. Matar da ba ta je awon ciki ba ta zo da naƙuda mai gardama, yaron da kodin ko tiramol ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, ɗan acaɓa da ya faɗi ba hular kwano, mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki: kowannensu ya san irin kallon da ake yi masa da kalmar da ke biyo baya, shi ya jawo wa kansa. Da yawa saboda wannan kallo suke zama a gida har sai abu ya gagara.

Yau galibin kuɗin magani a Najeriya, sama da kashi 70 cikin ɗari, daga aljihun majinyaci yake fita, shi ya sa muhawarar ba ta kankama ba. Amma tana tafe. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, jihohi sun kafa hukumomin taimakekeniya, ana yankar albashin ma'aikata ana zubawa a asusu ɗaya. Da zarar kuɗin ya zama na kowa, wani zai miƙe ya ce ba da nasa za a yi jinyar mashayi ba.

Wurin da ya dace a karɓi kuɗin hali shi ne teburin mai sayarwa. Birtaniya ta sa haraji a kan lemon kwalba mai yawan suga a 2018, kamfanoni da dama suka rage sugan tun kafin dokar ta fara aiki. Najeriya ta sa naira 10 a kan kowace lita a Dokar Kuɗi ta 2021, adadin da hauhawar farashi ta riga ta mayar abin dariya. Wannan harajin da na taba su ya kamata 'yan majalisa su ɗaga, su kuma ɗaure kuɗin ga asusun lafiya da cibiyoyin taimaka wa masu son daina shaye-shaye. Su kuma hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohinmu, tun yanzu da ƙa'idojinsu ba su gama bushewa ba, su rubuta a fili cewa likita ne kaɗai zai jinkirta aiki, bisa dalilin jinya, a kan majinyacin da ke gabansa, tare da faɗa masa ranar dawowa.